Yadda ake ba makirfon sitidiyo wuta a haɗa shi da rediyon oba-oba ba a ƙona komi ba

Jama'a salamu alaikum, ina gajiya, ina fama da zahi. Abin da ya sa na zauna rubuta wanga bayani, ɗan ƙanwata ne ke da ɗan sitidiyo can wajen Mabera inda suke ɗaukar waƙoƙin bege da tallace-tallace, da ya samu sabon makirfo sai ya kawo min tsohon, Audio-Technica AT2020, yac ce "Kawu ga wanga, ka riƙa yin oba-obarka da shi muryarka ta fito kamar ta mai karanta labarai a Rima Radio." Na yi godiya, daren nan na kunna ƙarfen soda na haɗa waya daga gindin makirfon zuwa filogi mai ƙafa 8 na rediyona, na danna PTT, wato maɓallin aika magana, na yi ta magana, allurar ALC mai nuna ƙarfin muryar da ta shiga rediyo ko motsi ba ta yi ba. Har na fara zargin yaron matacce ya kawo min. Ashe makirfon lahiyarshi lau, yunwa yake ji, ban ba shi wuta ba.

To bari mu fara daga nan, don in ba ka gane wagga magana ba sauran dut wahala ce. Makirfo irin na hannu da ake wa'azi da shi ko ake waƙa a fili, kamar Shure SM58, shi ake kira dainamik, cikinshi maganaɗisu ne da naɗin waya, muryarka ke kaɗa shi ya haifar da 'yar wutarshi da kanshi, ba ya roƙon kowa komi. Shi ko kondensa na sitidiyo wata 'yar fata ce siririya ƙwarai gaban faranti, da ƙaramin amfilifaya cikin jikinshi, kuma amfilifayan nan ba ya aiki sai da wuta. Wutar da anka saba ba shi ita ce bolt 48 DC, wadda masu sitidiyo ke kira fanton fawa, wato wutar fatalwa, don ba ta da wayarta daban, kan wayoyin da murya ke bi take hawa ta je ta dawo ba a ganin ta. Kamfanin Neumann na Jamus ya fito da tsarin a 1966 kuma har yau shi ake bi: ƙafa ta 1 ta filogin XLR, filogin nan mai ƙafa 3 da ke gindin makirfo, ita ce giraun, wato wayar ƙasa, ƙafa ta 2 da ta 3 kowace ana turo mata bolt 48 ta cikin rezista 6.8k. Ƙa'ida ta yarda wutar ta yi wasa tsakanin 44 da 52, kuma makirfo ba ya wuce jan 10mA.

Rediyonka ba ya da wagga wuta, ko kusa. Shi gaba ɗaya da bolt 13.8 yake aiki, abin da ke fitowa a soket ɗin makirfo kuwa bolt 8 ne a rediyoyin kamfanin Icom da Kenwood, bolt 5 a yawancin Yaesu. Wani mai gyara ya taɓa ce min ai sai a sa ɗan bod mai ɗaga wuta a kan bolt 8 ɗin nan a kai ta 48, shike nan. Yi lissafi da kanka ka gani. A rediyon Icom IC-7300 ƙafar nan iyakarta 10mA, bolt 8 sau 10mA ya ba ka miliwat 80. AT2020 kuma shina cin 2mA a bolt 48, miliwat 96 kenan, tun ba a sa hasarar da bod ɗin zai yi ba. Ka ga ba ta kai ba, kuma in ka matsa mata abin da zai ƙone cikin rediyon yake, rediyon da kuɗinshi ya ninka na makirfon sau da yawa. Ga shi waɗannan ƙananan bod ɗin kunna-kashe suke yi dubbai cikin daƙiƙa, su cika maka HF, wato gajeren zangon da muke magana a kai, da tsuwa. Don haka ka cire wanga tunani, wutar makirfo daga waje za ta zo, kuma tsakaninta da rediyo sai an gina katanga.

Mataki na farko, ka tabbatar wane irin makirfo ke hannunka. Kasuwa ta cika da wani mai kai ruwan gwal da ake kira BM-800, kwalinshi ya rubuta sitidiyo kondensa da manyan baƙaƙe, yana zuwa da waya mai ƙaramin jak irin na iyafis. Wanga ƙaramin elektiret ne, wato ɗan kondensa irin na cikin iyafis, anka sa ma babbar riga, 'yar wuta kaɗan ta bolt 3 zuwa 8 tana iya tada shi, shi ya sa yake magana a kwamfuta. Irinshi kana iya ciyar da shi da bolt 8 na rediyo ta cikin rezista 2.2k zuwa 4.7k, ka fitar da murya ta kafasita 1µF, an gama. Akwai kuma masu cin batir a cikinsu, kamar Rode NT3 mai ɗaukar batir mai bolt 9, su ma ba su da rigima. Rode NT1-A yana karɓar 24 ko 48. Amma in takardar makirfonka ta ce 48V kawai, to kai ne nake magana da kai har ƙarshe.

Mataki na biyu, zaɓen inda wutar za ta fito. Hanya uku ce. Ta farko ka sayi ɗan akwatin fanton, XLR ya shiga XLR ya fita, da adaftarshi. Masu kayan sauti a cikin gari suna kawo shi jefi-jefi, in babu a yi maka saƙo daga Sabon Gari Kano ko Alaba. Abin dubawa shi ne adaftar, in ka ɗaga ka ji ta shafal kamar kwalin ashana to mai kunna-kashe ce kuma sau da yawa tana da hayaniya, wadda ke da nauyi mai tiransifoma a ciki ta fi zama lahiya da rediyo. Ta biyu ƙaramin mikisa, irin su Behringer Xenyx 802, shi ya ba da fanton ya kuma ba ka maɓallan gyaran murya, amma fa ya ƙara maka wayoyi, kuma kowace waya kusa da rediyo mai wat 100 eriya ce da ba ka gayyata ba. Ta uku ita nake amfani da ita kuma ita zan daɗe a kai, wato ka haɗa naka da batura. Dalilina mai sauƙi ne, nan garin ana ɗauke wuta ka koma kan batirin sola, in akwatin fanton ɗinka sai da 230 to dole ka kunna inbata, inbata kuma kowa ya san abin da take yi ma zangon mita 40, wato wajen 7MHz, da dare. Batir ba ya gurnani, ba ya tsuwa, ba ruwanshi da janareta.

Kayan da za ka tara: batir mai bolt 9 guda 5 da kawunan maƙala su, rezista 6.8k guda 2, kafasita 47µF mai jure bolt 63 guda 2, wata 100µF ita ma ta bolt 63, makunni, soket XLR mace, tiransifomar murya mai om 600 zuwa 600, rezista 2.2k da ta om 330, ƙananan kafasitoci na seramik 1nF kamar 3, filogin da ya dace da rediyonka, waya mai garkuwa wato mai saƙar ƙarfe a jiki, da akwatin ƙarfe. Na ce ƙarfe, ban ce roba ba. Ni gwangwanin biskit na fara amfani da shi kuma ya yi aiki, sai dai ka kankare fentin inda murfi ke haɗuwa da jiki da inda za ka ɗaure giraun. Tiransifomar ita ce mai wuyar samu. Ka leƙa wurin masu gyaran rediyo da talabijin a tsohuwar kasuwa ka tambayi tsohon bod na modem ko na injin faks, akwai ta a kai. In ba a dace ba je wurin masu sa kiɗa a mota, akwai wani ɗan abu da suke sa ma wayar RCA don kashe kukan injin a lasifika, ka fasa shi, tiransifoma biyu ne a ciki, ɗaya ta ishe ka.

Rezistocin 6.8k ɗin nan kada ka ɗauko biyu kawai ka sa. Sayi kamar goma, ka auna su ɗaya bayan ɗaya da maltimita, ka ware biyun da sunka fi kusa da juna. Ba dole su zama 6.8 cif ba, abin da ake so su yi daidai da juna kamar tagwaye, don daidaiton nan shi ke sa gurnanin da ya hau wayoyin biyu ya kashe kanshi. Wani zai ce wanga ai ƙaƙale ne, to ɗan hakin da ka raina shi ke tsone ma ido.

Mataki na uku, haɗi. Jera baturan nan 5 kai da gindi, fositif na wanga zuwa negetif na wancan, ya ba ka bolt 45 a lissafi, sababbi fil na alkalin za ka ga mita ta nuna wajen 47. Negetif na ƙarshe ya tahi ƙafa ta 1 ta XLR da jikin akwati. Fositif ya bi ta makunni, bayan makunni ka sa 100µF ɗin nan tsakaninshi da giraun, sannan daga nan rezista ɗaya ta tahi ƙafa ta 2, ɗayar ta tahi ƙafa ta 3. Wutar fatalwa ta samu kenan, iyakar sirrin da ke cikin akwatin da ake sayarwa da tsada. Saura fitar da murya a bar wutar a baya. Daga ƙafa ta 2 ka sa kafasita 47µF, daga ƙafa ta 3 ka sa ɗayar, kuma ka lura da kyau, ƙafar fositif ta kowace ta kalli wajen makirfo, don can wutar take. In ka juya ta za ta riƙa yoyo tana tsatsa a murya, wata rana ta kumbura. Ƙafafunsu na negetif su shiga ɓangare ɗaya na tiransifoma, kowace a bakin waya ɗaya. Ɗaya ɓangaren na tiransifoma shi ne na rediyo, kuma kada wata waya ko ɗaya ta tsallake daga wancan gefe zuwa wanga, katangar da nake faɗi kenan.

Wurin batir, nemi alkalin na kirki. Masu arahar nan marasa nauyi ba su jimawa kuma da zahin Afrilu suna zubar da ruwa cikin akwati su cinye maka soda. Kuma kada ka ruɗu da waɗanda ake caji da USB, yawancinsu akwai ɗan bod mai ɗaga wuta a ciki, an gudu ba a tsira ba. Da jan 2mA, saiti ɗaya na alkalin zai kai ka awoyi sama da 100 in ba ka manta makunni a kunne ba. Kada ka sa ma akwatin fitilar LED don kwalliya, za ta fi makirfon cin batir.

Mataki na huɗu, awo kafin komi ya taɓa rediyo. Ba makirfo, ba rediyo, kunna makunni. Baƙar wayar mita a ƙafa ta 1, ja a ta 2, ka ga wajen 45 zuwa 48. Ja a ta 3, ka ga daidai da wancan. Tsakanin 2 da 3 sifili. Sai ka koma ɓangaren rediyo na tiransifoma ka auna DC tsakanin wayoyin biyu, da kuma tsakanin kowace da jikin akwati, dut sifili ya kamata. Wanga awon na ƙarshe ko akwatin saye ne ka yi shi, kada ka yarda da kwali. Bayan nan kashe, jira kaɗan, sa makirfo, kunna, ka sake auna ƙafa ta 2. Za ka ga ta sauko, kada gabanka ya faɗi. In makirfon na jan 2mA, kowace rezista na ɗauke da 1mA, 1mA cikin 6.8k kuwa bolt 6.8 ne ke faɗuwa, wato daga 47 ka ga wajen 40. Alama ce yana cin abincinshi. In ba ta sauko ko kaɗan ba akwai wayar da ta yanke, in ta faɗi kusa da sifili akwai shot, galibi cikin filogin kebul inda silin garkuwa ɗaya ya taɓa maƙwabcinshi.

Af, kebul ɗin tsakanin makirfo da akwati dole ya zama XLR zuwa XLR mai waya biyu da garkuwa. Irin wanda ke da XLR a kai ɗaya da babban jak a ɗayan, galibi an haɗe ƙafa ta 3 da ta 1 a ciki, bai dace da fanton ba sam.

Mataki na biyar, rage ƙarfin murya. Nan ne mutane da yawa ke cewa makirfon sitidiyo ba ya yi da oba-oba, murya na fashewa, alhali cika ma rediyon ciki sunka yi. AT2020 yana fitar da wajen milibolt 14 a ƙarar da SM58 ke fitar da ƙasa da milibolt 2, ninki bakwai da wani abu kenan. Yaesu da Kenwood an gina su da tsammanin dainamik, to sai ka sa rezista 2.2k a jere kan wayar da ta fito daga tiransifoma, sannan 330 daga bayanta zuwa ɗayar wayar, muryar rediyo ka ɗauke ta a kan 330 ɗin. Wanga ya rage ta kusan sau 8, ta dawo kamar dainamik. Icom ya fi son murya mai ƙarfi tunda makirfonshi na hannu elektiret ne, kana iya gwadawa ba ragi, in ta yi yawa ka sa. In ko da mikisa kake aiki lamarin ya fi haka, don abin da ke fita bakin mikisa ya kan wuce bolt 1, sai ka sa 10k a jere da 100 a gicce, ragi sau 100, kuma shi ma ta cikin tiransifoma zai bi.

Mataki na shida, filogin rediyo, kuma don Allah buɗe littafin rediyonka ka duba zanen da idonka, ka kuma lura ko zanen daga gaban soket anka yi shi ko daga bayan filogi wurin soda, nan ake juya hagu da dama. Filogin mai ƙafa 8 iri ɗaya ne a ido amma kowane kamfani da tsarinshi. A Icom ƙafa ta 1 murya, ta 7 giraun ɗin murya, ta 5 PTT, ta 6 giraun ɗin PTT, ta 2 ita ce mai bolt 8, bar ta kurum. A Kenwood ta 1 murya, ta 7 giraun ɗinta, ta 2 PTT, ta 8 giraun ɗin PTT, wuta na ta 5. A Yaesu masu zagayayyen filogi murya na ta 8, giraun ɗinta ta 7, PTT ta 6, giraun ta 5. Irin su FT-857 da FT-991A kuma filogin RJ45 gare su kamar na kebul ɗin intanet, su ma littafi za ka bi. Masu Icom ku saurara da kyau, ƙafarku ta 1 ba murya kaɗai ke kanta ba, akwai DC da anka ɗora don ciyar da elektiret, in ka haɗa tiransifoma ko rezista 330 kai tsaye ka yi ma wutar nan shot zuwa giraun. Sa kafasita 1µF a jere dab da filogi, fositif ɗinta na kallon rediyo. Tana ma da wani amfani, tana ɗan rage kaurin murya na ƙasa wanda dama ba mu so.

Giraun ɗin murya da na PTT kada ka haɗe su cikin filogi ko cikin akwati, kowa ya bi hanyarshi. Ba banza anka raba su ba.

Tunda makirfon sitidiyo ba ya da abin dannawa sai ka yi ma PTT dabara. Ni fedar fiyano nake takawa, irin ta masu kibod, waya biyu ce, ɗaya PTT ɗaya giraun ɗinshi. Ka auna ta da mita tukuna, akwai wadda a haɗe take sai an taka ta buɗe, in ka sa irinta rediyo zai hau iska da kanshi da ka kunna. VOX kuwa, wato saitin da ke sa rediyo ya hau iska da kanshi in ya ji murya, ka manta da shi. Kondensa na jin komi, fanka, janaretan maƙwabta, kabu-kabu da agwagwa da buje a titi, akuya ta yi kuka bayan ɗaki rediyo ya ɗauka kai ne ya aika ta Turai.

Mataki na bakwai shi ne inda na sha wuya, wato RF, siginar da rediyo ke turawa eriya, ya dawo cikin murya. Na gama komi, a kan domi lod mai om 50, wato rezistar da ake sawa madadin eriya wurin gwaji, murya tas, da na mayar da eriya na ɗaga wuta zuwa wat 100 a zangon mita 20, wato 14MHz, sai wani ɗan uwa da ke saurare na yac ce "Malam muryarka fa kamar kana magana cikin tulu ana kaɗa shi." Na rage zuwa wat 10, ta gyaru. To wanga gwajin shi ne likita, ka riƙe shi. In murya ta ɓaci ko a domi lod ko a ƙaramar wuta, matsalar yawan gen ce, wato ƙarfin da rediyo ke ƙara ma murya, ko haɗi. In sai a eriya kuma sai wuta ta yi yawa, RF ne ke shigowa ta wayoyi ya tarar da ƙaramin amfilifayan cikin makirfo. Gurnani mai kauri da ba ya canzawa ko ka yi shiru kuma na wutar gida ne mai 50Hz, giraun biyu ne sunka haɗu ta wata hanya, ka bi sawu ka ga inda anka tsallake tiransifoma.

Maganin RF ba guda ɗaya ba ne, tarawa ake yi. Fara da zoben ferait, baƙin zoben nan da ake naɗa waya ciki don ya tare RF, lamba 31 ta fi dacewa da HF, 43 ma tana yi musamman a manyan mitoci na sama. Kada ka maƙala shi sau ɗaya ka ce ka sa, naɗa kebul ɗin ciki sau 5 ko 6, don ƙarfin tarewar yana ƙaruwa ne da yawan naɗi sau kanshi, naɗi 5 ya kusa ninka naɗi 1 sau 25. Ɗaya dab da gindin makirfo, ɗaya dab da filogin rediyo, ɗaya a wayar feda, in akwai adafta ita ma. Sai ƙananan 1nF ɗin nan, ɗaya daga ƙafa ta 2 zuwa jikin akwati, ɗaya daga ta 3, ƙafafunsu gajeru ƙwarai, ta ukun tsakanin murya da giraun ɗinta cikin filogin rediyo. Ƙafa ta 1 ta XLR ta taɓa jikin akwati nan take inda ta shigo, kada ka ja ta da doguwar waya cikin akwatin. Kebul ɗin makirfo in mita 1 ta isa kada ka sa mai mita 6 ka naɗe saura ƙarƙashin tebur.

Amma gaskiyar magana, nawa bai mutu ba sai da na hau sama. Kowaks, wato kebul ɗin eriyata, shi ne ke dawo da RF ta bayan garkuwarshi har cikin ɗaki, makirfon hannu na jurewa shi ya sa ban taɓa sani ba. Da na naɗa kowaks ɗin a zoben ferait dab da inda ya haɗu da eriya sai abin ya ɗauke ɗif. Kuma kada ka dogara da sandar giraun da ka kafa bayan taga, ƙasarmu da rani busassa ce ƙayau, yashi ne, sandar na da amfaninta wurin tsaro amma ba ita za ta shanye maka RF ba ko kana zuba mata ruwa safe da yamma.

Mataki na takwas, saiti. Sa domi lod, kashe COMP, wato mai matsa murya ya ɗago ta, mayar da gyaran bas da tirebul tsakiya, rage gen ɗin makirfo ƙasa, sa mita a ALC. Yi magana yadda ka saba, ba ihu ba raɗa, kana ɗaga gen a hankali har allura ta riƙa wasa cikin yankin ALC ba ta wuce shi ba. In tun gen na 5 ko 10 cikin 100 ta cika, ragin da ka sa bai isa ba, ƙara girman rezistar jere. Kada ka bi allurar wat kana son ganin ta tsaya a 100, a SSB, tsarin aika murya da muke amfani da shi, ba ta tsayawa can sai in fito kake yi, masu bin ta su ne ke fantsama kan maƙwabta hagu da dama. Sa hedifon ka kunna MONI ka ji kanka.

Kuma ka duba ta ina kake magana. AT2020 da 'yan uwanshi ta gefe suke ji, gefen da tambarin kamfani yake, ba ta ƙoƙon kai ba. Na ga wanda ya nuna shi bakinshi kamar na wa'azi yana ta ƙorafin murya ta yi nisa. Tazara kamar taƙi ɗaya, ka ɗan karkatar da shi don iskar "fa" da "ba" kada ta buge shi, in ka matso ƙwarai kauri zai ƙaru. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana amsa kuwwa, rataya bargo ko darduma a bangon da ke bayanka, fanka kuma ta koma bayan makirfon inda ba ya ji sosai, don ba mai cewa ka kashe fanka a Sakkwato.

Sai maganar da masu sitidiyo ba su son ji. Makirfon nan an yi shi ya ɗauki 20Hz zuwa 20kHz, SSB kuwa ƙofarta ba ta wuce faɗin 3kHz. A IC-7300 saitin WIDE 100 zuwa 2900 ne, MID 300 zuwa 2700, NAR 500 zuwa 2500. Kaurin nan mai daɗi na ƙasa da 200Hz shi ke cinye wat ɗinka kuma ba shi ke sa a gane magana ba, abin da ke rarrabe "sa" da "ta" da "ka" yana wajen 2kHz. Don haka rage bas, ɗaga tirebul kaɗan, in da mikisa kake ka danna maɓallin yanke ƙasa in akwai shi. Hira da na kusa a mita 40, inda sigina ke da ƙarfi, sa WIDE ka more muryarka. In kana kiran nesa a 14MHz cikin cunkoso koma MID ka kunna COMP kaɗan, amma ka sani COMP na ɗago hayaniyar ɗaki duk lokacin da ka yi shiru, da kondensa abin ya fi muni, ɗan kaɗan ya isa.

In kana son jin yadda kake fita da gaske, ba abin da abokai ke faɗi don kunya ba, buɗe WebSDR, rediyon saurare ta intanet, na jami'ar Twente da ke Holan a kwamfuta ko waya, in mita 20 ta buɗe zuwa Turai ka nemi fili, ka faɗi alamar kiranka ta 5N ka ce gwaji kake, ka ɗauki sautin ka saurara daga baya. Na faɗi alamar kira don wanga dut aikin mai lasisi ne, wanda bai da shi ya tsaya kan domi lod har takarda ta fito.

Tsarin kunnawa kullum ɗaya ne, makirfo a haɗe tukuna, sannan fanton, ka ba shi daƙiƙa kamar 10 ya natsu kafin ka taka feda. Wurin kashewa ka kashe fanton ka jira kafasitoci su sauke kafin ka zare kebul, kuma kada ka taɓa makunnin fanton kana kan iska, ƙarar "ɗum" ɗin da yake yi za ta fita da cikakken wat. Da hunturu jiki na tara wuta, taɓa jikin akwati ko rediyo kafin ka kai hannu ga makirfo. Ƙurar hunturu kuma tana son fatar nan ta ciki don wutar da ke kanta na jan ta, in ta taru sannan damina ta zo da laima sai ka fara jin tsatsa da ƙaiƙayi a murya kamar ana soya gyaɗa. Ka gama aiki ka rufe shi da leda mai tsabta, da damina ka jefa 'yar jakar silika irin ta cikin kwalin takalmi, kuma kada ka hura ma fatar iska da baki ko ka sa mata buroshi. Baturan ka riƙa auna su duk wata, in jimlarsu ba makirfo ta sauko wajen 40 ka canza biyar ɗin gaba ɗaya, kada ka gauraya sabo da tsoho.